Wayar da Na Ba Surukina

Shekarar da nake koyarwa a Dudunni, matata da yara suna Kankiya, sai ƙarshen mako nake ganinsu. Babu abin da nake so a lokacin kamar a maido ni gida. Takardar neman canjin wurin aiki kuwa ta intanet ake cika ta, kuma sau ɗaya ake buɗe shafin a shekara.

Kafin nan an tara mu a Kusada, aka sa kowa ya sauke wata manhaja a wayarsa. Ka haska kyamara a kan wani zane mai kama da saƙar tabarma, shi ke nan ta kama. Daga ranar, kalmar sirri kaɗai ba ta shigar da kai shafinka, sai ka ƙara da lambobin da manhajar ke nunawa, su kuwa kafin ka gama hamma sun canja. Na yi yadda aka ce, na manta da zancen.

Da na sayi sabuwar waya, sai na ba surukina tsohuwar, ya tafi da ita Tafashiya yana sa mini albarka. Ni a zatona lambobin suna bin layi ne. Ashe a cikin wayar suke zaune.

Sai ranar da aka buɗe shafin na gane haka. Wanda zai iya warware mini a ofis ya tafi kwas. Kyautar da ka ba suruki kuma, da wane baki za ka ce a maido? Matata ta ce a kai kasuwa, ita ma ba za ta iya ba. Sai na yi dabarar in kira shi a ƙaramar wayarsa ya karanto mini.

Dattijon ya iya lamba sarai. Amma ba ya karanta biyu sai ya tsaya.

"Bakwai, ukku... Malam, ya wajen su Hajiya? Ta samu lahiya?"

"Da sauƙi, Baba."

"To madalla. Af, ga shi sun sake. Wanga abu bai da haƙuri."

Muka koma farko. Ina durƙushe a bayan aji kamar yana ganina, zufa na keto mini, raina na tafasa, bakina na cewa babu komai. Ba a ce wa suruki ya yi sauri. Haka muka yi ta yi har shafin ya kulle ni na wuni guda. Washegari ma haka, sai dai ranar labarin wake ne ya shiga tsakani.

Shi da kansa ya lura na matsu. Ana gobe za a rufe shafin, na iso Kankiya na tarar ya aiko da wayar a cikin leda, tare da tiyar wake. Kunya ta kama ni, amma na ji sanyi a raina. Na kunna, sai ta yi mini maraba kamar yau aka fito da ita daga kwali. Babu manhaja, babu komai.

Nan take na kira shi.

"Ai na biya wajen mai gyara cikin kasuwa ya wanke maka ita tas," in ji shi. "Ba a maida ma mutum kwano da dauɗa."

Na yi godiya, har sau biyu. Ranar Lahadi da la'asar matata ta ɗaure mini garin kwaki a bayan babur, na kama hanyar Dudunni.