Mesar Rumbun Inna Tabawa

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Gwarzo, ni da abokina mai mota, wanda ya yarda ya raka ni bisa sharaɗin duk abin da na samo a but ɗin bayan mota zai zauna. Masu bibiyata sun san gidana: tattabaru a saman bene, zomaye a lungu, ga kunkuru yana yawo a tsakar gida kamar shi ya biya kuɗin haya. Abin da ya rage mini tun ina yaro shi ne maciji marar dafi. Maiɗakina ta yi shekaru tana cewa a'a, sai bana ta sassauta. Ta ce guda ɗaya tak, kuma irin wanda ba za ta riƙa ganinsa ba.

Labari biyu ne suka fitar da ni. A Mainika ta ƙasar Gwarzo an ce wani manomi yana da macijin rairayi, wanda littattafai ke kira bowa. A Garo ta ƙasar Kabo kuma akwai wata ƙaramar mesa, irin wadda ba ta girma sosai, tana zaune a ƙarƙashin rumbun wata tsohuwa. Rumbun za a rushe shi da an gama kaka, kuma idan ba a samu mai ɗaukarta ba, fartanya ce za ta raba gardama.

Daga Kabuga zuwa Janguza hanya lafiya lau, sai manyan motocin yashi da ba sa ganin kowa. Muna wuce nan gari ya ƙare, gonaki suka karɓa. An riga an yanke gero an jingine dammuna, dawa kuwa ta sunkuyar da kai tana jiran lokacinta. A Rimin Gado muka tsaya shan koko. Ƙosan ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya, na tambayi mai suyar, ta ce in je in tambayi wake da man gyaɗa. Muka wuce Garo ba mu tsaya ba, don na ƙudura sai na fara ganin na Mainika.

A Gwarzo muka ajiye mota muka hau acaɓa, saboda hanyar ƙauyen yashi ne zalla. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ya tambayi abin da ya kawo mu, na gaya masa gaskiya. Kafin mu isa na lura ya matsa gaba sosai, har ya kusa zama a kan tanki.

Manomin, Baba Ɗanlami, dattijo ne mai fara'a. Muka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da mutanen birni da yadda damina ta kaya, sannan ya shiga ya fito da wani daro cike da yashi ya dire a gabanmu. Ya ce, “Ga shi nan.” Muka zuba wa yashi ido. Abokina, daga can nesa inda ya tsaya, ya ce, “Baba, ko dai ya fita unguwa?”

Dattijon ya cusa hannu ya zaro shi. Gajere ne, bai kai tsawon kamu biyu ba, jikinsa ruwan ƙwai da dabbare-dabbaren baƙi, sumul kamar an shafa masa mai. Kan da wutsiyar kusan ɗaya ne, shi ya sa mutanen wurin ke ce masa mai kai biyu. Idanunsa ƙanana ne ƙwarai. Na karɓe shi, bai ko yi yunƙurin sara ba, sai tura kai yake tsakanin yatsuna yana neman inda zai nutse. Ina mayar da shi daro ya shige yashi kamar ruwa, ya bar ɗan hancinsa kawai a waje.

Na yi ta tambaya har na ji kunya. Me yake ci? Ƙananan ƙadangaru da jinjirin ɓera. Ina ake samunsa? Wajen cirar gyaɗa da haƙar dankali, kusan kowace shekara. Yawancin mutane kashe shi suke yi don suna zaton kububuwa ce, shi kuwa Baba ajiyewa yake na ɗan lokaci don sha'awa. Ya ce idan ban ɗauka ba, gona zai mayar da shi, babu abin da ya dame shi. A raina na ce wannan ai shi ne macijin maiɗakina, wanda za ka shekara da shi ba ka gan shi ba. Abokina ya ce in dai haka ne, in sayi daro in cika da yashi in ce wa jama'a yana ciki, wa zai tona? Aka kawo mana dafaffen dankali da garin ƙuli mai yaji, muka ci muka yi nak. Na ce wa Baba zan leƙa Garo in dawo, kuma har zuciyata na ɗauka zan dawo ɗin.

Bayan azahar muka isa Garo. Wanda ya tarbe mu ɗan tsohuwar ne, Malam Hadi, malamin Islamiyya mai sanyin magana. Tun a zaure ya yi mini bayani. Shi ba mugunta ce ta sa zai rushe rumbu ba: gefe ɗaya ya tsage tun ruwan bara, hatsi yanzu a buhu ake zubawa, yana son ya gina ɗaki a wurin, ga bulo ma an sauke. Kuma yana da mai rarrafe, matarsa ba ta iya sakin yaron a tsakar gida. Ya ce shi ba zai kashe ta da hannunsa ba, amma ya san magina, in suka ɗaga dutse suka gan ta ba za su tsaya tambaya ba.

Tsohuwar, Inna Tabawa, tana zaune a inuwar rumbun tana ɓarar gyaɗa. Rumbun ƙasa ne babba, a ɗore kan duwatsu, da hular ciyawa da ta yi baƙi don tsufa. A gindinsa akwai wani ƙasko da ruwa a ciki. Bayan mun durƙusa mun gaishe ta, na tambaye ta yadda aka yi mesa ta zama 'yar gida. Ta ce, “Haka na tarar. Ranar da aka kawo ni gidan nan uwar mijina ta nuna mini gindin rumbu ta ce kan gidan nan ke nan, ba a kashewa. Mu ba bauta mata muke ba, Allah ya tsare. Tana cin ɓeranmu, muna zuba mata ruwa. Wata ta tafi, wata ta zo. Wannan kam tun mijina yana da rai take nan.”

Ta karkaɗe zaninta, ta miƙa hannu tsakanin duwatsun kamar mai ɗauko ƙwai, ta fito da ita. Jama'a, na ga hotuna da yawa, amma hoto bai faɗi komai ba. Baƙa ce mai zanen ruwan zuma, kauri kamar damtsena. Tana jin baƙin hannu sai ta naɗe, ta cusa kanta a tsakiya, ta zama gammo sak. Na riƙe ta a tafin hannu biyu, da sanyi da nauyi, ina jin numfashinta a hankali. Can ta leƙo da kai, ta karkaɗa harshe wajen agogona, ta koma. Nan take na manta da Mainika. Na kuma tuna sharaɗin gida, domin wannan ba mai ɓuya a yashi ba ce, duk wanda ya shigo sai ya gan ta.

Sai Inna ta fara yi mini tambayoyi. Ɗan wane gida ne? Ina da iyali? Akwai inuwa? Akwai yara masu jifa? Ina ta amsawa ina jin daɗin kaina. Sannan ta ce, “Akwai ɓera a gidan naka?”

Ni kuwa ɗan birni, an tambaye ni ɓera a gaban mutane. Na gyara zama na ce, “Haba Inna, ko ɗaya. Gidan siminti ne da tayil, kuma kowane lungu mun zuba shinkafar ɓera.”

Ta miƙo hannu ta karɓe mesarta ta ɗora a cinya. Ta ce, “To, ku gaida gida.” Malam Hadi ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin na gane ɓarnar da na yi: na gaya mata gidana babu abinci, kuma ɗan abin da za a samu mai guba ne.

Abokina ne ya cece ni, shi da tun safe bai matso kusa da maciji ba. Daga bakin zaure ya ɗaga murya ya ce, “Inna, wallahi kuri yake yi miki. Mai tattabaru da zomaye ne, ɗakin dusarsa ɓeraye har layi suke yi. Ni da idona na ga wani ya bi ta kan ƙafarsa yana shan shayi.” Ban taɓa jin daɗin tonon asiri irin na ranar ba. Inna ta dube ni ta ce, “Gaskiya ne?” Na ce gaskiya ne. Ta yi dariya har da tari, ta ce to me ya kai ni ɓoye arziki?

Na yi mata alkawarin kwashe gubar kaf, in koma tarko, kuma ba zan ba mesar komai ba sai na tabbatar gidan ya tsarkaka. Na yi maganar kuɗi, ta harare ni. Ta sa aka kawo kwando mai murfi, ta ɗebo ƙaiƙayi daga gindin rumbun ta shimfiɗa, wai don ta riƙa jin ƙanshin gida. Sannan ta juya wajen ɗanta ta ce, “Hadi, ba mai taɓa rumbun nan sai na ji ta ci abinci a can. In ta ƙi, a dawo mini da ita.” Ya dubi bulonsa, ya dubi mahaifiyarsa, ya ce to. Ba ta rako mu ba, ta koma kan gyaɗarta ta ba mu baya.

Na aika wa Baba Ɗanlami saƙon ya mayar da mai kai biyu gona. Kwandon kuwa a kan cinyata ya zo Kano, abokina yana tuƙi da rabin jikinsa a jikin ƙofa. Mun shiga gida da la'asar sakaliya. Maiɗakina ta ɗaga murfin da muciya, ta daɗe tana kallo, ta ce, “Wannan ce wadda ba a gani?” Na ba ta labarin Inna tun daga farko. Ba ta ce ta yarda ba, amma da kanta ta nuna mini sauran wuraren da ta zuba guba da ban sani ba.

Sai mesa ta ƙi ci. Na gina mata akwati mai gilashi da wurin ɓuya da kwanon ruwa, na kawo ɓera, ta naɗe ta ba shi baya. Mako ya bi mako. Malam Hadi yakan kira mu gaisa, ba ya tambaya, amma ina jin tambayar a muryarsa. Na damu ƙwarai, har na fara shirin mayar da ita, alhali na san rumbun ba zai kai wata damina ba. Na fita ne in zaɓi dabbar da ta fi dacewa da gidana, tafiyar ta koya mini cewa tambayar da ta fi ita ce ko gidan nawa ya dace da dabbar.

Wata safiya ina ba tattabaru hatsi sai na ji maiɗakina tana ƙwala mini kira. Na sauko a guje na same ta tsugune gaban akwatin, ita da ta ce ba ta son gani. Ɓeran babu shi, ga tudu a tsakiyar cikin mesa.

Na kira Malam Hadi na ce ya kai wa Inna waya. Na ce, “Inna, ta ci.” Can na ji ta ce, “Alhamdu lillahi.” Sai muryarta ta yi nisa, da alama ta juya wajen ɗanta ne. Ta ce, “To, Hadi, a rushe. Amma ƙaskon ruwan a bar mini shi.”