Ɗorin Maraƙi

Babanmu ya iya ɗorin shanu, wannan kowa ya shaida a rugagen Zandam. Abin da ya cuce ni shi ne ya ɗauka ƙafa duk ƙafa ce.

Shekarar da naira ta shigo, ina ɗan saurayi, wani bijiminmu mai baƙin hali ya banke ni a mashaya. Na faɗi, ya taka mini ƙwaurin hagu ya wuce abinsa. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Inna ta ce a kai ni Gwaram wurin maɗori. Baba ya ce shi da ya ɗora maruƙa ba iyaka, ba zai kai ɗansa hannun wani ba. Ya tsaga kara, ya shafe ni da man shanu, ya ɗaure tam da igiya. Shi kuwa maraƙi ba a barinsa kwance, in ya daɗe a ƙasa ba ya tashi. Saboda haka tun ɗorin yana ɗanye Baba ya tsaya a kaina sai na miƙe na taka. Maraƙi yana da sauran ƙafa uku da za su ɗauke shi, ni ɗaya ta rage mini. Wannan lissafin ne Baba bai yi ba.

Ƙashin ya kama, amma a karkace. Wani ƙulli ya taso a wurin, da fari da taushi kamar guringuntsi, daga baya ya taurare ya kai girman ƙwan zabuwa. Ƙafar ta juya ciki. Ko rijiya ba na kaiwa sai na huta, balle in bi shanu kudu da rani, wanda shi ne duk burina a duniya. A gidanmu namijin da ba ya bin shanu sai dai ya zauna yana jiran tuwo.

Bayan girbi Baba ya sauko, ya aza ni a jaki zuwa Gwaram. Maɗorin wani gajeren dattijo ne mai kaurin hannu. Ya daɗe yana laluben ƙullin da babban yatsa, sannan ya ɗago.

"Malam, wa ya yi wannan aikin?"

Baba ya ce, "Ni ne."

"To, Allah ya kyauta. Jikin yaro ba ya jira. Da ƙashi ya karye yake fara zubo sabo a bakin karayar, yadda ya tarar da ita haka zai liƙe ta. Yanzu sai an sake karyawa."

Aka kwantar da ni a zaure, aka cusa taɓarya ƙarƙashin ƙwaurin, aka sa mini guntun itace a baki. Mahauta biyu da aka kira daga kasuwa suka zauna a kan cinyoyina. Ƙirjina kuwa Baba ya ce ba wanda zai riƙe sai shi, ya danne ni da gwiwa.

Dattijon ya yi bisimilla ya sakar wa ƙafar nauyinsa. Ba ta karye ba. Ya sake, da diddige wannan karon. Fitsari ya kuɓuce mini. Na ciji itacen har haƙorina na ciki ya dare, jini ya cika mini baki, na nemi in tofar ba hali. Ina kallon gemun Baba dab da idona, da na samu hannu da na tuge shi. A na uku aka ji ƙas. Mahautan suka tashi da sauri, ɗaya ya kau da kai. Ƙullin yana nan lafiya ƙalau. Can ƙasa kusa da idon sawu ne ƙashin ya karye, ya huda fata ya leƙo, fari sol.

Dattijon ya ce, "Innalillahi. Liƙin ya ƙi, sai lafiyayyen wurin ya tafi."

A bayan motar gyaɗa aka kai ni asibiti a Birnin Kudu, duk ramin da aka faɗa sai na suma. Na yi watanni cikin filasta, aka zare ɓaraguzan ƙashin da suka mutu, sauran ya sake haɗe kansa. Haƙorin dai bai taɓa haɗewa ba, ashe shi ba ya yin wannan dabarar. Ƙafar ta fito ta gaza 'yar'uwarta tsawo. Na tsani Baba a wannan shekarar, kuma ya sani.

Da wani ranin ya zagayo, garke ya tashi da safe. Ban yi wa kowa magana ba, na ɗauki gorata na bi su ina jan ƙafa. Na ƙetare gonarmu, na ƙetare ta maƙwabta, shanu suna ƙara nisa. A bakin fadama na zube. Baba ya waiwayo, ya bar wa ƙannena garken, ya dawo ya saɓa ni a kafaɗa. Tun daga nan har gida dukan bayansa nake yi da hannu biyu, iya ƙarfina, bai hana ni ba ko sau ɗaya. Ya ajiye ni a ƙofar ɗakin Inna, ya goge fuskarsa da gefen rawani, ya juya da sassarfa don ya cim ma shanun.