Furfurar Da Ba Ta Yi Ba

Shekara arba'in Baba mai hoto ya yi yana cewa mutane su ɗaga haɓa, su daina ƙifta ido. Amare, 'yan makaranta, masu neman aiki, duk sun zauna a kujerarsa mai gurguwar ƙafa. Amma matarsa sau ɗaya tak ya ɗauke ta, shi ma don saura hoto guda a fim, yana sauri ya wanke. Ya ce zai fitar mata in ya samu sarari. Bai samu ba har ta rasu, ta bar masa jaririya.

Jaririyar nan yanzu har ta haifi nata. Ran nan ta ce masa tana son ganin fuskar mahaifiyarta, ko sau ɗaya. Ba ta yi ƙorafi ba, shi ya sa abin ya fi yi masa ciwo.

Nagatif kam, wato fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, Baba ba ya zubarwa, kwali shida ne a ƙarƙashin gado. Ido ne ya gaji. In ya ɗaga fim a taga, ba ya bambance mace da namiji. Sai ya ɗauki guda ya nufi shagon tsohon maƙwabcinsa mai gyaran agogo, ya ce a ba shi gilashin ƙara girma mafi ƙarfi. Dama haka yake, ko shayi sai mai kauri.

Da ya ɗora a kan fim ɗin, sai ya ga tsaki-tsaki kamar yashi, ba hanci ba baki.

"Wannan na kayan cikin agogo ne," in ji mai agogo. "Kai mutum kake nema, ba ƙusa ba."

Ya miƙo masa wani mara ƙarfi sosai, wanda ke nuna hoton ɗungurungum. Baba ya yi gunaguni, ya ce abin wasan yara ne, ya jefa a aljihu.

Kwana goma sha ɗaya yana zama da hantsi, ya manna farar takarda a gilashin taga, yana duba hoton ƙarshe na kowane fim da gilashin nan da ya raina. A bayan hotunan wasu 'yan ƙwallo ya same ta, tsaye a bakin ƙofa, ba ɗankwali, tsintsiya a hannu, tana harararsa tana dariya.

Ya kira 'yarsa. Ta runtse ido ɗaya ta duba, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Baba, ai kanta fari fat. Ba ka ce ba ta kai talatin ba?"

Ya buɗe baki zai yi mata bayanin da ya sha yi wa mutane, cewa a nagatif baƙi fari yake fitowa. Sai ya fasa, ya karɓi gilashin ya sake dubawa. Ga ta nan da furfura, sa'arsa, kamar tare suka tsufa. Kewarta ta kama shi sabuwa.

"Gobe za a wanke miki naki," ya ce. "Wannan ki bar mini shi haka."