Gashin Tantabara a Ofishin Inshora

Tun da Hassumi ta zauna a layin jira na ofishin inshorar nan da ke unguwar Dokki, idonta bai bar dattijon da ke gaban tebur ba. Bamisire ne siriri, cikin tsohuwar kwat a kan jallabiya, yana ta murza hularsa kamar mai matse wanki. Ruwan sanyin bana ya kwanta a kan shimfiɗaɗɗen rufin gidansa har ya tsaga kankare, yanzu yana ɗiga a ɗakin jikokinsa. In kamfani bai biya ba, ba shi da abin gyara.

"Alhaji," in ji ma'aikaciyar da ke bayan teburin, "akwai wani abu da ka ɗora a saman rufin? Ka san in akwai, ba ruwanmu."

Dattijon ya ƙara murza hularsa. A kafaɗarsa kuwa ga gashin tantabara fari sol ya maƙale. Hassumi ta san wannan gashi, don mahaifinta ma ya yi kiwon tantabaru a Damagaram. A ranta tana ganin mutumin nan kullum la'asar yana can sama yana fito, garke na kewaya kansa.

Idon ma'aikaciyar ya sauka a kafaɗar. Shi ma ya waiwaya ya gani. Bai kaɗe shi ba. Ya ciro shi a hankali, ya ajiye a kan tebur.

"Tantabaru ne, 'yata," ya ce. "Ba su da nauyi. Rabin yini ma a sama suke."