Abin da Yaya Ya Goge a Karmo

Bana shekara goma sha uku ke nan da rasuwar ƙanena Sabi'u, mai tura waƙa a bakin kasuwar Karmo. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa ba, sai da na buɗe waya da safiyar ranar zagayowar rasuwar na ga babban yayanmu, Alhaji Mamman, ya ɗora hotonsa kamar yadda ya saba duk shekara, da doguwar addu'a a rubuce, da wata sarewa mai ban tausayi tana tashi a ƙarƙashi. Sarewa fa, jama'a. Na daɗe ina kallon hoton nan, dariya na son kama ni, takaici na danne ta. Shi ya sa na ɗauki biro.

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A wancan lokacin ba kowa ke da wayar da za ta ɗauko waƙa daga iska ba. Talaka ɗan ƙaramin empitiri yake saye, wanda bai fi kwalin ashana ba, ko rediyo mai cin memori, ya kai wa masu turi su zuba masa abin saurare. Yawancin na'urorin nan ba su da gilashin da zai nuna suna, maɓallan gaba da baya ne kawai da na kunnawa. Sabi'u yana da benci da laima da wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da salatif. Masu zuwa wurinsa leburori ne, da 'yan ga-ruwa, da masu shayi, da Fulanin da ke kiwo a bayan gari tun gine-gine ba su cinye dajin ba.

Sauran masu turi ba su wahalar da kansu. Su kwashi komai gaba ɗaya su zuba wa mutum kamar ana zuba gero a buhu, ya tashi ya ba wani wuri. Sai ya je gida ya tarar karatun Alƙur'ani bai gama sauka a kunnensa ba, kiɗan biki ya faɗo a kai. Sabi'u bai iya wannan aikin ba. Zaunar da kai zai yi ya tambayi sana'arka, da lokacin fitarka, da ko kai kaɗai kake ji ko da iyali. Sannan ya tura ɗaya bayan ɗaya, domin irin waɗannan na'urori ba ruwansu da suna, abin da ya riga shiga shi ke riga fita. Karatu da wa'azi ɗakinsu daban, waƙa ɗakinta daban. Tun da kuma ba rubutun da mutum zai duba, sai ya ƙirƙiro tasa dabarar. A gaban kowane rukuni yakan ɗauki muryarsa da ɗan makirufo ya saka, ya kira sunan mai abin, ya gaya masa abin da ke tafe. Ka yi ta danna gaba, da zarar ka ji Sabi'u ya yi magana ka san ka shiga wani ɗakin.

Kada in mai da shi waliyyi don ya mutu. Sabi'u yana da nawa wajen aiki, ga taurin kai, ga surutun tsiya. Mutum zai zo da hantsi da aikin da bai taka kara ya karya ba, azahar ta same shi a benci yana hamma. In ka nemi waƙar da ya raina, sai ya kalli tsabar idonka ya ce ba ta cikin kwamfutarsa, alhali tana ciki. Ni da na goya shi ya taɓa cire mini waƙoƙi ba da sanina ba, wai ba su dace da shekaruna ba. Mun yi kwanaki ba na amsa gaisuwarsa.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kafin mu gama shawarar sauya asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar matarsa Rabi da tsohon ciki. Ranar sadakar uku, muna cikin gida da ita muna karɓar gaisuwa, Yaya ya tara maza a waje ya yi jawabi. Ya ce duk waƙar da Sabi'u ya tura wa wani, muddin ana jin ta, zunubi na bin sa har kabari, kuma shi a matsayinsa na babba ba zai naɗe hannu a azabtar da ƙanensa ba. Kafin la'asar an ɗauko kwamfutar daga rumfa an goge ta tas. Wayar mamacin ma ba ta tsira ba. Memorin da ke cikin gwangwanin aikinsa, waɗanda mutane suka kawo ba su karɓa ba, har da nawa da na bar masa ya ƙara mini karatu, Yaya ya sa aka daddake su da dutse a ƙofar gida. Ya fi kowa kuka a wurin, ya fi kowa ɗaga murya. Mutane suka watse suna cewa Allah ya ba kowa yaya irin Alhaji. Da labari ya iso mana ciki na ce ba amin ba.

Ni ba malama ba ce, kuma ba zan yi gardamar hukuncin kiɗa a shafin jarida ba. Masu ilimi sun yi, suna kan yi. Abin da na sani shi ne Yaya bai buɗe ko folda ɗaya ya duba ba. Da ya duba, da ya ga karatu da tafsiri sun kusa rinjayar waƙar. Da ya ga bidiyon ɗaurin auren Sabi'u, da muryar mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, tana yi wa jikoki tatsuniya. Bai tambayi Rabi ba, wadda ke zaune a kan tabarma da cikin mamacin a gabanta. Kuma tsoron Allahn nasa bai kai ga jikin kwamfutar ba. Da aka wanke ta ɗansa ya miƙa wa, yaro ya tafi da ita makaranta yana kallon fina-finai. Akwai irin mutanen da ba su jin sun yi ibada sai sun fasa kayan wani a gaban 'yan kallo, kuma Allah ya jarrabe mu da ɗaya a gidanmu.

Rabi ta haifi mace, aka sa mata Hafsa. Daga baya Rabi ta sake aure a Katsina, yarinyar ta dawo hannuna a Kurudu saboda makaranta. Bara da Sallah ta je gaida Yaya, ta dawo ta tsaya mini a ƙofar kicin ko takalmi ba ta cire ba.

"Gwaggo, wai muryar Babana irin ta Baffa Alhaji ce?"

"In ji wa?"

"Shi ya faɗa. Ya ce in ina son jin Babana in saurare shi, duk ɗaya ne."

Na ajiye ludayi. Muryar Yaya irin ta masu tallan magani ce a tasha. Sabi'u kuwa siririyar murya gare shi mai ɗan shaƙewa, kullum kamar dariya na biye da ita. Na yi ƙoƙarin kwatanta mata, na ga ɓata bakina kawai nake yi. Yarinya ta ɗauko hancin ubanta da tafiyarsa, amma ba ta taɓa jin ya ce uffan ba, alhali babu wanda ya kai mutumin nan barin muryarsa a hannun jama'a a duk Karmo. Yanzu kuma wanda ya shafe muryar yana neman ya zauna a gurbinta. Ranar na ƙudurta cewa in dai akwai memori ɗaya da ya rage a garin nan, sai Hafsa ta ji ubanta da kunnenta.

Na fara da inda bencinsa yake. Yanzu rigunan waya ake sayarwa a wurin. Wani matashi da abu toshe a kunnuwansa ya saurare ni da rabin hankali.

"Memori? Haba Hajiya, wa ke yin wannan yanzu? Ki sa data kawai, komai yana onlayin. Meye sunan mawaƙin?"

Na ce ba mawaƙi ba ne, mai turi ne.

"To in ba shi da shafi, gaskiya babu shi ke nan."

Babu shi ke nan. Haka yaron ya yanke wa ƙanena hukunci, ya mai da abinsa kunne. Na sha tunanin abin da Sabi'u zai ce da ya ga wannan zamani. Waya ce ke zaɓar maka abin da za ka ji, ba ta san ko daga jana'iza kake ba. Kana tsakiyar sauraron karatu talla ta faɗo maka da ihu, ba wanda ke jin an yi masa rashin kunya. Mutane na tutiyar suna da waƙoƙin duniya gaba ɗaya a aljihu, ka ce su jera maka biyar da suka san dalilin da ya sa ɗaya ke bin ɗaya, sai su yi ta zare ido. Na san zai yi tsaki ya ce an koma zuba gero a buhu, sai dai yanzu buhun ne ke zaɓar geron. Sannan ya yi ta mita har a kira magariba.

Na bi tsofaffin abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda na iya tunawa. Mai shayi ya ce nasa ya faɗa tukunyar ruwan zafi tuntuni. Wani lebura ya ce rusau ya bi ta kan ɗakinsa da komai a ciki. Wanda ya fi ƙona mini rai wani direba ne da ya adana nasa shekara da shekaru, sai ya kai a ƙara masa sababbin waƙoƙi, mai turin ya ce ya ga surutun wani mutum ya cika wuri, ya taimaka ya share masa. Direban har godiya ya yi masa a lokacin. Kowace Asabar in na dawo Hafsa ba ta tambayata, fuskata kawai take kallo ta koma ɗaki.

Ana cikin wannan yawo ne Yaya ya fito takarar kansila. Ya ɗauko mawaƙi, aka shiga situdiyo, aka zuba masa kirari da ganga da kalangu har da 'yan amshi mata. Ya turo waƙar zauren danginmu na waya, ya rubuta a ƙasa cewa a yaɗa don Allah. Mota mai lasifika ta yi ta zagaya unguwa da ita tun safe. Da muka haɗu a wani suna na kasa haƙuri.

"Yaya, wannan zunubin kabarin wa zai bi?"

"Ke Binta, ba ki da fahimta. Wannan ai wayar da kan jama'a ne."

Ya sha kaye a zaɓen, waƙar kuwa tana nan, ita ce ke tashi in an kira wayarsa. Ban sake ɗaga masa maganar ba, don na lura ko kunyar ba ya ji.

A ƙarshe wata mai tallan nono da ke shigowa layinmu ce ta ji ina ba maƙwabciyata labari, ta ce surukinta yana da wani rediyo da ba ya barin kowa ya taɓa, kuma akwai wani mutum da ke magana a ciki yana kiran sunansa. Malam Buba ake ce wa surukin. Da a bayan Karmo yake kiwo, gidaje suka yi ta tura shi har ya faɗo bayan duwatsun da ke gaba da Kurudu. Muka hau acaɓa ni da Hafsa, muka ƙarasa da ƙafa. Muka same shi a gindin bishiya, tsoho tukuf, da rediyon a rataye a wuya, an ɗaure shi da robar taya, an liƙe bakin memorin da salatif.

"Sabi'u? Yaron kirki," ya ce. "Yara ya ce a sa mini sabon waƙa, na ce a'a. Wannan ya san tafiyana. Safe daban, rana daban, dawowa daban."

Na roƙe shi a ciro memorin in kai a kwafa. Ya rungume rediyon a ƙirji ya ce in ya fita ba ya komawa. Ban matsa ba, na ce zan kara wayata in ɗauka daga bakin lasifikar. Da na gaya masa ko wace ce yarinyar, ya ƙura mata ido.

Masu irin wannan rubutu kan rufe da faɗin abin da mamaci ya bari. Sabi'u bai bar gida ba, bai bar fili ba, sana'arsa ma ta bi shi. Jininsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tsaya a gaban jama'a ya daddake aikin hannunsa, aka yi masa kabbara. Wani makiyayi da ba dangin iya ba na baba, wanda ba a gayyace shi ko zaman makoki ba, shi ya rataya shi a wuya ya yi ta yawo da shi cikin ruwa da rana, don kawai an taɓa zaunar da shi an tambaye shi yadda yininsa yake tafiya. Ku auna da kanku wanda ya yi wa mamacin zumunci a cikinsu. Ni na gama nawa awon, kuma ba na neman Yaya ya yarda.

Malam Buba ya goge rediyon da gefen rigarsa, ya ce wa Hafsa ta matso kusa, lasifikar ta tsufa. Ya danna. Aka yi ɗan shuu, sai ga hayaniyar kasuwar Karmo ta wancan zamani, da ƙarar janareta, da wani yana gyaran murya dab da makirufo.

"Assalamu alaikum," in ji Sabi'u.

Sai ya yi shiru. Ni a nawa memorin da tsokana yake farawa, ban san haka yake yi wa tsohon ba, ya bar masa wurin amsawa kafin ya ci gaba. Malam Buba ya buɗe baki bisa sabo, Hafsa ta riga shi.

"Wa alaikumus salam, Baba," ta ce. "Ni ce Hafsa."