Basamuden Shagon Takalma

Shekara goma sha tara ya yi yana gyaran agogo a kan ɗan tebur, a ƙofar shagon takalman wansa. Zobensa ne ya fara ƙin fita, sai da aka yanke shi. Daga nan haɓarsa ta turo gaba, haƙoransa suka rarrabu, muryarsa ta yi kauri, yatsunsa suka zama kamar an hura su. Ran nan ya ɗauki 'yar ƙusar agogo sau bakwai tana suɓucewa, mai agogon na tsaye yana dariya. Ya rufe akwatin kayan aikinsa, bai ƙara buɗewa ba.

Wan nasa bai bar shi zaman banza ba. Ya sa aka ɗinka masa takalmi lamba hamsin, ya ɗora shi kan doguwar kujera a bakin shago, ya rubuta a allo cewa ko Basamude ne suna da daidai ƙafarsa. Sunan ya bi shi. Mutane na tsayawa su gwada tafinsu da nasa, su yi hoto, su shiga su sayi takalmi. Shi kuwa yana zaune sharkaf da gumi, kansa kamar zai tsage.

Wata likita da ta zo sayayya ce ta ƙura masa ido, ta ce ya same ta a asibiti. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙari a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi ke ta ingiza jikin yana girma. Ta ce ta hanci za a bi a ciro shi, ba sai an fasa kai ba, kuma kada a jinkirta, don ya fara danne jijiyar ido. Da yake yatsunsa ba sa iya danna waya, lambar wan aka bari don a kira in an sa ranar aiki.

Wata tara ana cewa asibiti ba su kira ba. Ya fara karo da gefen ƙofa, yana ture kofi a gabansa. Da matarsa ta gaji ta je da kanta, aka nuna mata sau uku ana kira, ana cewa marar lafiyan ya yi tafiya.

Awa huɗu aka yi ana aikin. Ya farfaɗo hancinsa cushe da auduga, yana numfashi ta baki. Likita ta ce ƙarin ya fita, ciwon kai da gumi za su tafi, amma idon hagu ya riga ya mutu. Wan ya matso ya tambaya ko fuskar da hannuwan za su koma yadda suke a da. Ta ce kumburi zai ragu, ƙashi kuwa ba ya komawa. Ya sauke ajiyar zuciya, har da yi mata godiya.

Bayan wan ya fita, matar ta faɗa wa mijinta zancen wayar.

"Na sani," in ji shi. "Ina kan kujera lokacin da Yaya ya amsa kira na biyu."

"Kuma ka yi shiru?"

"In na yi magana, wa zai ɗauke ni aiki da wannan hannun?"

Sati shida da sallamarsa, wan ya aiko masa da baƙin tabarau, ya ce ya fi kwarjini a hoto. Ranar Litinin ya ɗora tabarau ɗin a fuska ya fita shago.