Kitson da Inna Mairama Ta Yi wa Bincikena

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Maris, 2003, bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran Inna Mairama mai kitso ta Ƙofar Durɓi, bayan jinyar kwana tara.

Inna, ni ce Fadila, wadda kike tsokana da "likitar wayoyi". Shekara guda bayan sojoji sun koma bariki na dawo Katsina da na'urar aro mai auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. Aikin shi ne a manna wa mutum mai lafiya wayoyi a fatar kai, a ba shi katuna ya ware bisa launi, sai a sauya masa doka ba sanarwa, a ga yadda ƙwaƙwalwarsa za ta juya. Maza ashirin suka tuɓe hula, aka gama. Mata kuwa kitso ya hana wayoyin taɓa fata. Saura wata biyu in mayar da na'ura, malamina kuma ya ce in babu mata, babu digiri.

Na kira ki ne ki riƙa tsefe musu kai, abin da duk suka ƙi. Kika dubi zanen wuraren wayoyin, kika ce, "Yo ɗiyata, wannan ai tsaga ce. Gaya mani inda kike son hanya." Kika ɗauki kibiyarki kika fitar da sabon kitso, kowace tsaga ta bi inda waya za ta zauna. Shekara uku ina nazarin sauya dabara, ban sauya tawa ba sai da kika zo. Mata suka yi ta zuwa don kitson, na samu ashirin da biyu.

Ke ma kin zauna an gwada ki. Da doka ta sauya kika harare ni, kika ce, "Halinku ɗaya da masu mulki." Duk da haka kuskure ɗaya kika yi.

Ƙa'idar bincike ta hana rubuta sunan wanda aka gwada, don haka a littafin digirina ke lamba goma sha bakwai ce. Ba ta hana in sa sunanki a shafin godiya ba, ni ce na manta. Na yi ta cewa zan zo neman gafara, ban zo ba. Abin yana ci mini rai.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ya ba Lawal da Asabe haƙurin rashin uwa. Duk wanda ya buɗe littafin nan ya sani, lamba goma sha bakwai sunanta Mairama.